Cire hular kwano daga kan mai babur da ya yi hatsari: nazarin lamari guda

An tsara wannan lamari ne don koyarwa. An haɗa shi daga irin abin da ma'aikatan ceto da na sashen gaggawa suka saba tararwa, saboda haka babu sunan kowa a ciki, alƙaluman gwajin jikin majinyacin kuma misali ne. Hanyoyin aikin kuwa su ne waɗanda ake koyarwa a kwasa-kwasan kula da masu rauni.

Yadda aka tarar da shi

Matashi ne mai kimanin shekara 28, daga cikin masu kai saƙo a kan babur. Bayan la'asar, a titin Zariya da ke Kano, wata mota ta yanko gabansa za ta juya. Ya daki ƙofarta ta baya, ya tashi sama, ya sauka a kan kwalta can gaba. Yana sanye da hular kwano mai rufe fuska duka, wadda ke da gilashi a gaba da sandar da ta kare haɓa, a bayansa kuma akwai jakar goyo cike da kaya.

Ma'aikatan ceto biyu da direban motar asibiti suka same shi kwance kusan rub da ciki, kansa ya juya dama, jama'a sun kewaye shi. An riga an fasa masa ledar ruwa biyu ta cikin gilashin hular don ya farfaɗo. Wani ya kama hular zai zare, maɗaurin haɓa ya riƙe ta, sai wani dattijo ya tsawatar aka bari. Da maɗaurin a sake yake, da an zare ta da jan ƙarfi guda tun kafin masu ceto su iso.

Babban ma'aikacin ya sa direba da wasu samari biyu su tsare titi, shi kuma ya durƙusa ta saman kan majinyacin ya dafe hular da hannu biyu kafin ya yi masa magana. Akwai dalilin wannan jeri. Wanda aka kira daga gefe yakan juyo da kai ya ga mai kiransa, wannan juyowar ce kuma ake gudu. Bayan ya riƙe ne ya ce, "Malam, kana ji na? Kada ka motsa kanka." Babu amsa. Da aka matsa masa farce ya buɗe ido, ya yi nishi, ya kai hannu zai ture mai matsawar. A ma'aunin farkawa na Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974, mai tashi daga maki 3 zuwa 15, wannan ya ba shi 9: ido 2, murya 2, motsi 5. Numfashi 26 a minti, da minshari da ƙarar ruwa a maƙogwaro. Jini na fitowa ta ƙasan hular. Na'urar yatsa ta nuna iskar oksijin a jini kashi 88 cikin 100, bugun zuciya 112. Babu jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa.

A cire ko a bari

Maganar da ta yaɗu cewa kada a taɓa cire wa wanda ya yi hatsari hular kwano tana da gaskiya, amma ga mutumin da aka yi ta dominsa: ɗan kallo da bai koyi aikin ba, a gaban majinyacin da ke numfashi lafiya. Shi aikinsa ya riƙe hular a yadda ya same ta, ya ɗaga gilashin don iska ta shiga, ya hana a ba shi ruwa, ya hana a ɗauke shi hannu da ƙafa a cusa a Adaidaita Sahu, ya sa a kira 112 ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

Dalilin tsoron a wuya yake. Ƙashin wuya gaɓoɓi bakwai ne, likitoci na kiran su C1 zuwa C7, laka kuma ta ratsa ta tsakiyarsu. Gaɓa tana iya karyewa ko ta goce ba tare da lakar ta taɓu ba, mutum na motsa hannu da ƙafa sarai. Lanƙwasa guda ko murɗa guda a irin wannan wuya tana iya matse lakar. Jijiyoyin da ke sarrafa tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, daga C3 zuwa C5 suke fitowa, don haka rauni a can sama yana iya tsayar da numfashi gaba ɗaya. Idan a ƙasa da nan ne, a samu shanyewar hannu da ƙafa. Duk mai babur da ya faɗi da ƙarfi kuma hankalinsa ya gushe, ana ɗaukarsa a matsayin mai karayar wuya har sai hoto ya wanke shi.

To amma wannan matashi iska ba ta isar masa. Minshari a wanda ya suma alama ce harshe ya koma baya ya tare hanya, ƙarar ruwan kuma jini ne ko amai ko ruwan da aka zuba masa. Da hula mai sandar haɓa a kansa, ba a iya ganin cikin baki, ba a iya zuƙe abin da ke ciki da kyau, ba a iya turo muƙamuƙi gaba, abin rufe hanci da baki na oksijin ba zai zauna ba. Ƙwaƙwalwar da ta bugu kuwa ba ta jure ƙarancin iska. Ko na mintuna kaɗan ne yana ƙara lalata ta. Karayar wuya a wannan lokaci zato ce, toshewar numfashi kuwa ga ta ana ji da kunne. Aka yanke shawarar cirewa nan take.

Ma'aikacin da ya ƙware yakan cire hular mai babur ko da numfashi bai toshe ba, kafin a ɗora majinyaci a gadon ɗauka. Hular na ɗaga ƙeya daga ƙasa ta tura haɓa wajen ƙirji, wato tana lanƙwasa wuyan wanda ke kwance rigingine. Bayanta mulmulalle ne, tana gangarawa hagu da dama. Idan ta yi wa mai ita yawa, sai a ɗaure hula kai na yawo a ciki. Tana hana sa kwalar wuya, wato abin da ake ɗaurawa a wuya don ya rage motsinsa, tana ɓoye jini a fatar kai da kunnuwa, nauyinta kuma, wanda ya kan kai kilo ɗaya da rabi, kaya ne a kan wuyan da ake zargi. Abin da yanayin numfashi ke canzawa shi ne gaggawar aikin, da kuma ko za a jira ƙarin hannu.

Juya shi

Ba a cire hula mutum na rub da ciki. Sai an mayar da shi rigingine, kuma jakar bayansa ita ce matsala ta farko. Da an juya shi da ita, ƙirjinsa zai hau kanta, kai da nauyin hula su rinjaya baya. Ma'aikaci na biyu ya yanke igiyoyin kafaɗa da almakashi ya janye jakar. Zare hannun majinyaci daga igiya yana motsa kafaɗa, kafaɗa kuma tana jan wuya, shi ya sa ake yankewa.

Mai riƙon kai ya gyara hannunsa tun kafin a fara, ya ɗora su a yadda za su zo daidai bayan an gama juyawa, domin wanda bai yi wannan lissafi ba hannayensa kan harɗe a tsakiyar hanya dole ya saki. Aka jera mutum uku a gefe guda: ma'aikaci na biyu a kafaɗa da ƙugu, direba a ƙugu da cinya, wani daga cikin jama'a a ƙafafu. Umarni daga bakin mai riƙon kai kaɗai yake fita: "Idan na ce uku za mu juya, kada kowa ya riga ni." Aka juya shi zuwa ɓangaren da ƙeyarsa ke kallo, kai da ƙirji da ƙugu suna tafiya tare.

Da ya kwanta, aka dawo da kan a hankali har hanci ya daidaita da tsakiyar ƙirji da cibiya. Ana yin wannan ba tare da ja ba. Tsohuwar koyarwar a ja kai don a miƙe wuya an daina ta, saboda ja yana raba gaɓoɓin da suka karye. Idan aka ji turjiya, ko majinyaci ya yi ƙarar zafi, ko tsokar wuya ta ɗaure, ko numfashi ya ƙara lalacewa, ana tsayawa a riƙe kan a inda ya tsaya. A nan kan ya dawo tsakiya babu turjiya.

Cirewar kanta

Hanyar da aka bi ita ce ta mutum biyu, wadda Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta yaɗa kuma ake koyarwa a kwas ɗin ATLS, na koyar da likitoci kula da masu mummunan rauni. Za mu kira su na kai da na gefe. Ƙa'idar da ta riƙe aikin duka ita ce kan majinyaci ba ya zama babu mai riƙe da shi ko na daƙiƙa ɗaya, kuma ba mai saki sai ɗayan ya faɗa da baki cewa ya karɓa.

Na kai ya durƙusa, gwiwar hannunsa a kan cinyoyinsa don kada hannu ya yi rawa, tafukansa a gefen hula biyu, yatsunsa sun zarce bakin hular sun kama ƙashin muƙamuƙi. Riƙe hula kaɗai bai wadatar ba, don kai na iya juyawa a cikinta.

Na gefe ya ɗaga gilashin. Babu tabarau, amma da akwai, yanzu ne ake cire shi, in ba haka ba ƙafafunsa su maƙale a soso su karce ido. Abin da ya samu waya ce an cusa tsakanin kunnen hagu da hula, ɗabi'ar da masu kai saƙo da 'yan acaɓa suka saba da ita. Ya zare ta. Igiyar abin sauraro ma ana dubawa, musamman idan ta bi ta cikin riga.

Sai maɗaurin haɓa. Iri biyu aka fi gani: mai zobba biyu da ake zura igiya a ciki a dawo da ita, da mai harshen roba mai haƙora wanda ake saki da jan wani ɗan jan ƙyalle. Na biyun yana buɗewa nan take. Mai zobba, idan ya jiƙe da jini ko ya ɗaure tamau, kwance shi na sa a tura haɓa sama. Wannan mai zobba ne, sai na gefe ya zura yatsa biyu tsakanin igiya da fata ya yanke da almakashi mai dakusasshen baki. Reza ko wuƙa a gefen maƙogwaro ganganci ne.

Ya leƙa ƙasan hular yana neman madaukan gaggawa, masu launin ja ko ruwan lemo. Wasu kamfanoni, irin su Shoei da Arai, suna sa su a jikin sosan kumatu, a ja su sosan ya zaro ta ƙasa, hula ta saki fuska, cirewa ta yi sauƙi ƙwarai. Wannan hula ba ta da su, kamar yawancin masu araha da ake samu a kasuwanninmu.

Daga nan na gefe ya karɓi kai. Hannu ɗaya a muƙamuƙi, babban yatsa a kusurwar ƙashin ta gefe guda, manuni da na tsakiya a ɗaya gefen. A kan ƙashi yatsun ke zama. Idan suka zame cikin taushin ƙarƙashin haɓa za su tura harshe baya su ƙara toshe hanyar iska, idan suka sauka gefen wuya za su danne jijiyoyin jini. Ɗaya hannun ya zura ta ƙarƙashin wuya har tafinsa ya tallafi ƙeya a bakin hula, damtsensa kwance a ƙasa. Kwantar da damtsen nan yana da muhimmanci: kan babban mutum kilo 4 da rabi ne zuwa 5, kusan kwano biyu na gero, kuma nauyin zai sauko wa hannun gaba ɗaya lokaci guda. Hannun da ke rataye a iska sai ya ba da kai. Ya ce, "Na riƙe, Oga." Sai a lokacin na kai ya saki.

Na kai ya zura yatsu a bakin hula ta gefe biyu, wajen da igiyoyin maɗauri suka fito, ya buɗa ta waje da ƙarfi. Hular kwano ta fi faɗi a sama, bakinta ya fi kai ƙanƙanta, buɗawar ce ke ba kunnuwa da kumatu hanya. Yana riƙe da ita a buɗe ya fara zamewa da ita zuwa wajensa, kaɗan-kaɗan.

A hanci aka samu cikas. Sandar haɓa ta zo ta tokare ƙasan hancin, na kai bai gani ba don daga sama yake, ya ci gaba da ja. Na gefe ya ji haɓar na neman ɗagawa a hannunsa, ya ce, "Tsaya! Hanci." Wannan ne kuskuren da aka fi yi da hula mai rufe fuska: sandar ta kama hanci, a ci gaba da ja, kai ya tanƙwara baya. Na gefe ne ke ganin fuska, don haka yana da ikon tsayar da aiki ko da shi ne ƙarami. Na kai ya mayar da hular baya kaɗan, ya sake buɗa ta, ya karkata ta yadda sandar ta ɗaga sama ta tsallake hancin. Hular ce ke karkata, kan yana nan inda yake.

Da hanci ya fita, sai bayan hular ya zama shi ne a maƙale a ƙarƙashin ƙeya. Aka dakata. Na gefe ya matsar da hannunsa na ƙasa sama, yana bin bakin hular, har tafinsa ya rungumi tudun ƙeya sosai. Wanda ya bar hannunsa a wuya, hula na fita kai zai faɗa baya ya bugi kwalta. Sannan na kai ya karkata hular gaba kaɗan don ta bi lanƙwasar ƙoƙon kai, yana lura kada bayanta ya ɗaga ƙeya ya tura haɓa ƙirji, ya ce, "Za ta fita, nauyi na zuwa." Ta fita.

Ya ajiye ta gefe, ya dawo da tafukansa gefen kai biyu, yatsu a baje a kan ƙashi, bai toshe kunnuwa ba. "Na karɓa." Tsakanin ƙeya da ƙasa akwai rata, saboda kafaɗun babban mutum sun fi ƙeyarsa tudu ta baya. Direba ya naɗe tawul ya zura a wurin kafin na gefe ya zare hannunsa. Kaurin abin da ake sawa ya danganta da ƙirar mutum, wani santimita 2 ya ishe shi, wani ya fi 5. Ma'aunin shi ne ramin kunne ya daidaita da tsakiyar kafaɗa, fuska na kallon sama sak.

Bayan hula ta fita

Bakinsa cike yake da jini da ruwa, haƙorin gaba ɗaya ya karye, leɓe ya tsage. Na gefe ya zuƙe da injin zuƙa, yana kai bakin bututun iya inda idonsa ke gani, kowane zuƙa bai wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ba. Na kai ya sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ya turo shi gaba ba tare da ɗaga kai ba, minsharin ya ɗauke. An gwada robar da ake sawa a baki don ta tare harshe, ya yi yunƙurin amai, aka cire. Ba a sa ta hanci ba, saboda jini na fita ta hancin kuma ba a tabbatar gindin ƙoƙon kai bai fashe ba. Aka sa masa oksijin lita 15 a minti ta abin rufe fuska mai jaka, cikin 'yan mintuna na'urar ta nuna 96.

Sai ya yi amai. Babu wanda ya juya kansa gefe, wanda shi ne abin da hannu ke saurin yi. Na kai ya ƙirga, aka mirgina jikin gaba ɗaya, aka zuƙe, aka mayar. Da aman nan ya zo yana cikin hula, rigingine, sandar haɓa za ta tare shi ya koma huhu.

Sauran binciken ya tafi da sauri. Ƙirji na tashi daidai ta gefe biyu, ciki da ƙugu babu alamar rauni, awon jini 124 bisa 78, ƙwayar ido biyu daidai suke suna amsa haske, sukarin jini lafiya. Yana motsa hannu biyu da ƙafa biyu idan an matsa, kamar yadda yake yi kafin a cire hular. An rubuta wannan sau biyu, kafin da bayan, tare da lokaci. A matashi mai raunin kai ana son lambar sama ta awon jini kada ta sauka ƙasa da 110. Da an ga awon ya faɗi, bugun zuciya ya yi sanyi maimakon sauri, fata kuma da ɗumi, da an yi zargin laka ta taɓu, bayan an nemi zubar jini na ɓoye an rasa.

An auna kwalar wuya da yatsu, daga saman kafaɗa zuwa layin haɓa, aka sa ta ba a matse ba. Kwala mai matsewa na danne jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, matsin cikin ƙoƙon kai ya ƙaru, kuma tana wahalar da buɗe baki. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin Denmak na 2019 suka ba da shawarar a daina amfani da mai tauri. Inda tsarin aiki ya ce a sa, a sa daidai, a kuma san cewa ba ta maye gurbin hannu: na kai bai saki ba har sai da aka ɗauke shi da gado mai rabewa biyu, aka ɗaure ƙirji da ƙugu da ƙafafu, sannan aka tare kai da naɗaɗɗen bargo ta gefe biyu aka manne da filasta a goshi. Jiki ake fara ɗaurewa, kai a ƙarshe. Idan aka fara da kai, jiki ya zame a kwana ko a birki, wuya ne zai ɗauki murɗar. Buhunan yashi da aka saba sawa a da suna da nauyi, idan aka karkata gado don amai sai su ture kan.

A asibiti

An tafi da hular. Likitan gaggawa ya duba ta: gogewa mai zurfi a goshi ta hagu, sandar haɓa ta tsage, farin sosan ciki ya lotse a wajen goshin. Wannan ya nuna da fuska ya sauka, irin faɗuwar da ke tanƙwara wuya baya. Ƙa'idojin da ake bi a sallami wuya ba tare da hoto ba, NEXUS ta 2000 da ta Kanada ta 2001, ba su shafi wanda hankalinsa bai dawo ba, don haka aka wuce da shi hoton CT na kai da wuya. Hoton ya nuna ƙaramin kurmen rauni a gaban ƙwaƙwalwa, da karaya a gaɓa ta shida ta wuya wadda likitan ƙashin baya ya ce ba ta da tabbas, sai an yi aiki an kafe ta. Ramin laka bai matse ba. Washegari ya farfaɗo yana bin umarni, yana damƙe hannu biyu da ƙarfi.

Kada a ɗauki wannan sakamako a matsayin shaidar cewa hanyar mutum biyu ba ta motsa wuya. Wani gwaji da aka yi a kan gawa a Amurka a 1984, bayan an raunata wuyan da gangan, ya nuna gaɓoɓin na motsi ko da an bi hanyar, har masu gwajin suka ba da shawarar a tsaga hular da zarton da ake yanke filastar ɗorin karaya da shi. Hanyar na rage motsi ne kawai. Abin da ya halatta ta a bakin titi shi ne barin hular ya fi cire ta haɗari.

Da lamarin ya zo da wata fuska

Da an kawo shi asibiti da hular a kansa, idonsa biyu, yana numfashi lafiya amma yana kukan zafin wuya ko yana jin kamar ana tsira masa allura a yatsu, babu dalilin sauri. A nan zarton ke da amfani: a yanke ɓawon hular daga kunne zuwa kunne ta saman kai, a yanke soso da maɗauri, a ɗauke rabin gaba, a zare rabin baya ana tallafe da kai. Zarton na girgiza kuma yana da ƙara, sai an riƙe kan da kyau an kuma gaya wa majinyaci abin da zai ji. Haka nan idan ana cikin cirewa da hannu mai hankali ya ce zafi ya ƙaru ko hannunsa ya mutu, ana tsayawa.

Da a tsaye aka same shi yana magana daidai, babu maye, babu zafin wuya, babu wani babban rauni da zai ɗauke masa hankali, sau da yawa ya fi kyau a kwance masa maɗauri ya cire da kansa a hankali. Ya san hularsa, kuma tsokar wuyansa za ta tsayar da shi idan ya ji zafi. Wanda ya rikice yana fisge-fisge kuwa, danne kansa da ƙarfi yana jawo motsin da ya fi wanda ake gudu. A sassauta riƙo, a yi masa magana, a ba shi oksijin, a tuna cewa ƙarancin iska da raunin kai su ne kan gaba wajen kawo irin wannan rikicewa.

Hula mai sandar da ke ɗagawa sama tana da maɓalli a haɓa, galibi ja. A danna a ɗaga, fuska ta bayyana, a gyara numfashi tun kafin a yi maganar cirewa. Mai buɗaɗɗiyar fuska ba ta da matsalar hanci, amma buɗa gefe da tallafar ƙeya suna nan. Akwai kuma abin da ake gani tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hula a ranar 1 ga Janairu 2009, lokacin da har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka: hular leburan gini, ko hular da aka ɗora ba a ɗaure ba. Irin waɗannan kan fice tun a faɗuwa. Ganin hula a gefen titi ba ya nufin kai ya tsira, a tambayi wanda ya gani ko a kansa take lokacin da ya bugi ƙasa. Kariyar da bitar Cochrane ta 2008, wadda ta tattara sakamakon bincike da dama, ta samu, ragin haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100 da na raunin kai da kusan kashi 69, ta hular babur ce da ta zauna a kai.

Idan muƙamuƙi ya karye yana motsi a hannu, na gefe ba zai dogara da shi ba. Ya ƙarfafa hannun ƙeya, da zarar sandar ta wuce ya mayar da yatsunsa kan ƙasusuwan kumatu.

Mafi wuya shi ne mutum ɗaya tilo a gaban wanda ba ya numfashi. A nan ko ɗan kallo ne sai ya cire. Ya durƙusa ta saman kai, ya kwance ko ya yanke maɗauri, ya cusa naɗaɗɗen zane ko riga a ƙarƙashin wuya da ƙeya don ya tare kan, ya buɗa hular, ya karkata ta ta wuce hanci, ya zare a miƙe ba tare da murɗawa ba. Idan akwai kowa a kusa, ko bai taɓa yi ba, a ɗora masa hannu a muƙamuƙi da ƙeya a ce kada ya saki. Idan zuciya ta tsaya, danna ƙirji ba ya jiran hula: ɗaya ya fara dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti, ɗaya ya ji da hular.

A takardar miƙa majinyaci a rubuta irin hular, ko a ɗaure take, inda ta bugu, wanda ya cire ta da ƙarfe nawa, dalilin cirewa, da motsin hannu da ƙafa kafin da bayan. Idan wani ya riga ya ja ta kafin zuwan masu ceto, kamar yadda aka yi a nan, shi ma a rubuta. Hular kuma a gaya wa 'yan'uwansa ta gama aiki. Sosan cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, idan ya lotse ba ya dawowa, ko da ɓawon waje bai nuna komai ba.